Mai horon doki ba da bulala ba: abin da ya yi wa ƙurun ƴata, da abin da har yanzu ke ci mini rai

Tun da uwargida ta ɗora bidiyon nan a WhatsApp, wanda aka ga ƙurun ƴata yana bin ta ba igiya ba ragama, waya ba ta bar ni na huta ba. Kowa tambayarsa ɗaya: wane ne saurayin da ya horar da shi, kuma ya ci kuɗinsa? Sunansa dai ba zan rubuta ba. Masu dawaki a Yamai sun san shi, abin da yake karɓa a wata ma ba ɓoyayye ba ne. Abin da idona ya gani a garkarmu ta Gudel cikin wata biyu shi zan faɗa.

Danda muke ce wa dokin, saboda launinsa. Wajen wani bature na saye shi, wanda aikinsa ya ƙare zai koma gida. Ya ce mini irin ƙananan dawakin nan ne na Amurka, amma da na sa mita na auna daga ƙasa zuwa ƙarshen geza sai na sami santimita 92. Akwai ƙungiyar masu irin waɗannan dawaki da aka kafa a Amurka a 1978, ba ta rubuta dokin da ya wuce inci 34, wato kusan santimita 86, ka ga namu ya ɗan ɗara. Wannan bai dame ni ba, ba gasa zan kai shi ba. Abin da ya hana ni barci cizo ne. Sati biyu da zuwansa ya kama kafaɗar autata, yarinya ƴar shekara takwas, har yau shatin haƙoran na nan.

Mai kula mana da garka dattijo ne, ya daɗe yana aiki da dawakin sukuwa, kuma ina ganin girmansa. Abin da ya sani shi ya yi: linzami, dabaibayi, bulala. Linzamin da aka samo na babban doki ne, ya tsaga wa Danda gefen baki. Cikin sati uku ya koma duk wanda ya doshi turkensa sai ya kwantar da kunnuwa, ya juya gindi yana shirin harbi. Yarinya kuwa ko ƙofar garka ba ta yarda ta shiga. Har na yi magana da dillali a Turaku a sayar da shi, sai wani abokina ya ce in ba saurayin nan dama tukuna.

Ranar farko a kan kabu-kabu ya zo, da ƴar jakarsa. Ciki akwai ragamar igiya siririya mai ƙulli-ƙulli, babu ƙarfe ko ɗaya a jikinta, da igiya doguwa ta kusan mita huɗu, da wata sanda mai ruwan lemo da zare a bakinta. Ina ganin sandar gabana ya faɗi, na ce masa in duka ne mun riga mun gwada. Ya ce, "Alhaji, wannan ba ta duka ba ce, hannuna ne na ƙara wa tsawo." Ya ce hanyar wani Ba'amurke ce, Pat Parelli, wanda ya soma koyar da ita tun 1981, wasanni bakwai ne ake yi da doki a ƙasa kafin a yi zancen hawa. Shi saurayin a bidiyo ya koya, ya haɗa da abin da ya gani a bargar da ya yi aiki.

Satin farko raina a ɓace yake. Mutum ya kife bokiti ya zauna, wani lokaci ya durƙusa, yana shafa doki da sanda a wuya, a baya, a ƙafafu, har rana ta faɗi. In Danda ya matsa, sandar ta bi shi a hankali tana jikinsa, da zarar ya tsaya cik sai a ɗauke ta. Na ce masa ni jika 60 na biya, ban ga inda aka dosa ba. Bai ji haushi ba. Ya ce matsawa ba ta koya wa doki komai, sakin ne ke koya masa, inda ka sake shi nan yake gane abin da kake so, in kuwa ka makara da sakin to wani abu dabam ka koya masa. Zaman bokitin ma da dalili. Babban mutum in ya tsaya kan doki mai santimita 92, kamar bishiya ce ta rufto masa, igiyar kuma daga sama take fizgar kansa.

Shi ya gano mana asalin cizon. Idanun doki a gefe suke, yana ganin kusan ko'ina a kewayensa amma ba ya ganin abin da ke dab da hancinsa ko bayan wutsiyarsa. Yarinya kuma kai tsaye take zuwa masa ta gaba da dabino a dunƙule cikin hannu. Ya saba duk hannun da ya zo da zaƙi yake zuwa, ran da babu sai ya nema da haƙori. Saurayin ya ce, "Kun ɗauke shi kamar ragon gida saboda ƙanƙantarsa, ana ja, ana turawa, ana rungumar wuya. Wa zai yi wa ingarma haka? Shi kuwa a kansa cikakken doki ne." Daga ranar ya hana ba shi komai da hannu, sai a bokiti a ƙasa.

Ranar da nake son ba ku labari wata Asabar ce bayan la'asar, lokacin hunturu, ƙura ta rufe kogi har ba a hango tsallake. Saurayin ya sa an kafa itatuwa an zagaye da zana, fili kamar taki goma sha biyu. Wannan hanyar kuma ya ce ta Monty Roberts ce, mutumin Kalifoniya wanda Sarauniyar Ingila ta gayyata a 1989 ya nuna mata aikinsa. Saurayin ya shiga da Danda, ya tuɓe masa ragama. Ya fuskance shi ido cikin ido, ya buɗe kafaɗu, ya wurga bakin igiya can bayansa, ba ta ko taɓa shi ba. Danda ya zabura ya shiga zagaye, kai sama, wutsiya a ɗage, ƙura na tashi. Ya tare shi ya juya shi ɗaya ɓangaren. Ni ina bakin zana, yarinya ta ƙanƙame rigata ta baya tana leƙe.

Yana aiki yana yi mana magana ƙasa-ƙasa. "Alhaji, dubi kunnensa na ciki." Na duba, kunnen da ke wajen saurayin ya karkato ya tsaya a kansa, ɗayan yana ta yawo. Can sai zagayen ya fara tsukewa. Sai bakin ya soma motsi, yana lasa yana tauna alhali babu komai ciki. Daga ƙarshe kan nan da ke sama ya sauko, har hancinsa na kusan share ƙasa yana tafiya. Nan take saurayin ya sauke idonsa, ya karkata kafaɗa, ya ba shi baya, ya tsaya kamar an dasa shi. Ba mai motsi. Ina jin kukan injin ban ruwa na maƙwabcinmu daga nesa. Danda ya tsaya, ya hura hanci, ya ɗaga ƙafa ɗaya ya ajiye, ya ƙara ɗaya, har ya zo ya taɓa gwiwar hannunsa da hanci. Saurayin ya shafa masa goshi ya yi gaba, doki ya bi. Ya yi dama, ya bi. Ya tsaya, ya tsaya.

Sai ya durƙusa ya kira yarinya. Na so in hana, Allah ya sani. Ya ce, "Zo nan ƙanwata, ki tsaya gefena, kada ki kalle shi a ido, ki kalli takalminki." Ta shiga tana rawar jiki. Ya nuna mata ta tsaya daidai kafaɗar dokin inda yake ganinta, ta miƙa bayan hannu, yatsu a rufe. Danda ya sansana, kunnuwa a miƙe. Ya ce ta juya ta taka uku. Ta taka, ya bi ta. Ta kai bakin zana ta dawo, yana biye, hancinsa dab da mayafinta, bakinsa a rufe. Ta waiwayo ta ce, "Baba, yana bi na!" Muryar nan ba zan manta da ita ba. Dattijon garkarmu, wanda tun farko yake cewa wasan yara ne, yana tsaye riƙe da buta bai ce uffan ba, sai da aka gama ya ce shekararsa arba'in da dawaki bai taɓa ganin an kama doki da baya ba. A daren na kira dillali na ce a bar maganar. Da a ranar na rubuta wannan sharhi, da yabo kaɗai za ku karanta.

To amma akwai wata na biyu, kuma ina rubutawa raina na sake ɓaci. Da bidiyo ya yaɗu aiki ya yi masa yawa, daga Kwara Kano zuwa Saga kowa na kiransa. Alkawarinmu sau uku a sati ne. Ya koma sau biyu, ya koma sau ɗaya, wani lokaci yarinya ta dawo lakkol ta sauya kaya ta zauna jira har magariba, ba shi ba saƙonsa. Wannan ma da na haƙura. Abin da ban haƙura da shi ba, ya turo mini yaronsa ba tare da ya gaya mini ba, ranar da ba na nan. Yaron ya iya riƙe sanda amma bai iya saki ba. Ana koya wa Danda ja da baya ta hanyar kaɗa igiya, ya ƙi, yaron ya ƙara kaɗawa, doki ya ja taki ɗaya, maimakon ya sassauta sai ya ci gaba, doki ya rikice ya miƙe tsaye a kan ƙafafun baya, shi kuma ya zabga masa sandar nan a fuska. A gaban yarinya. Sandar da aka shafe sati guda ana nuna masa ba abin tsoro ba ce.

Na kira saurayin, ya ba da haƙuri, ya zo washegari da kansa. Na yaba wannan. Amma da na ce ya cire kuɗin ranar sai ya ce ai yaron ya zo aiki. Aikin me? Ni hannunsa na biya, ba hannun wanda ke koyo a kan dokin ƴata ba. Ragamar da igiyar kuma sai daga baya na ji ba sa cikin kuɗin wata, ya ƙara mini jika 15 a kai, abin da ya kamata ya faɗa tun ranar farko. Ragamar ma da ya fara kawowa ta yi wa Danda girma, ƙullin da ya kamata ya zauna a kan ƙashin hanci yana zamewa ƙasa wajen taushi, sai da na yi magana sau biyu ya sake ɗaura ta daidai kansa.

Duk da haka akwai abin da ya yi mana wanda ba a cikin ciniki yake ba, kuma zalunci ne in ɓoye. Mun kasance muna ba Danda gero da dusa kamar dokin sukuwa, ga harawa ga burgu ɗanye daga bakin kogi, mu a ganinmu gata ne. Ya danna masa wuya ya nuna mini kitse ya taru a gindin geza, ya ce ƙananan dawaki saurin ƙiba gare su, hatsi da yawa kuma yana jawo musu ciwon kofato, wanda doki ke tsayawa ya miƙe ƙafafun gaba yana jingina baya saboda zafi. Likitan dabbobi da na kira ya gaskata shi. Aka yanke gero, aka koma busasshiyar ciyawa kaɗan-kaɗan sau da yawa a rana. Shi ne kuma ya hana ɗana mai shekara 12 hawa, ya ce doki bai kamata ya ɗauki fiye da kashi ɗaya cikin biyar na nauyinsa ba, har da sirdi, Danda kuma ba zai wuce kilo 130 ba. Ɗan nawa ya yi fushi kwana biyu, ni kuwa na gode.

Cikin wasanni bakwai ɗin, huɗu muka samu. Ba a kai ga tafiya gefe-gefe ba, ba a kai ga ratsa matsatsin wuri ba, ɗaga ƙafar baya don gyaran kofato ma da ya yi alkawari har yanzu sai mutum biyu. Masu tambayata ko su ɗauke shi, ina ce musu su ɗauka, amma su biya zuwa-zuwa, kada su biya wata gaba ɗaya, kuma su faɗa masa tun farko in ba shi da kansa ba kada kowa ya taɓa dokin.

Ina bin sa zuwa uku, na aika saƙo ranar Laraba, an karanta ba a amsa ba. Danda bai sake cizon kowa ba. Jiya da yamma yarinya ta shiga cikin zana ita kaɗai, ta ba shi baya, ya zo ya bi ta har wajen rijiya. Sandar kuwa tana rataye a jikin mangwaro, ko iska ta kaɗa zarenta sai ya ɗaga kai ya ja baya.