Farin Yadin da Na Saya a Balogun Domin Bargon Ƙyallaye

Shekara uku na yi ina tara ƙyallayen atamfa a cikin buhun bakko a bayan keken ɗinkina a Agege, mafi yawansu ragowar ɗinkin Sallah da na ankon biki, har buhun ya cika ya fara tsagewa ta gefe. Da aka sa ranar auren 'yata ta fari sai na yanke shawarar in haɗa su in yi mata bargo na shimfiɗa a kan gado, irin wanda ake yanka ƙyalle ƙanana a jera su, a sa auduga a tsakiya, sannan a bi da ɗinki daga sama har ƙasa. Ƙyallayen suna da launi iri-iri, akwai ja da kore da ruwan goro da shuɗi, kuma idan aka haɗa su kai tsaye ba tare da wani abu a tsakaninsu ba, ido ba zai sami wurin hutawa ba. Shi ya sa ake neman farin yadi ya zama fili a tsakanin launukan. A lissafina, bargon zai kai inci 90 a tsawo da inci 90 a faɗi, kuma kusan rabin fuskarsa fari ne, don haka ina bukatar kimanin yadi 5 har da na kewayen baki, idan yadin mai faɗin inci 45 ne. Yadin da zai cinye rabin aiki bai kamata a saye shi da gaggawa ba, ko da yake kafin wannan karon ni ma ina cikin masu ɗaukar cewa fari duk fari ne.

Na shiga jirgin ƙasa daga Agege zuwa Oyingbo, daga nan na hau mota zuwa Idumota, na taka da ƙafa cikin kasuwar Balogun zuwa wani shago da wata abokiyar sana'ata ta kwatanta mini. Shagon ƙarami ne, a cikin wani lungu da mutum biyu ba sa iya jerawa, kuma babu abin da ake sayarwa a cikinsa sai yadi marar zane, bandir a kan bandir har rufi. Mai shagon dattijo ne Bakano, wanda ya ce a Kantin Kwari ya koyi harkar kafin ya sauko Legas. Bayan mun gaisa na ce masa ina neman farin yadi na auduga zalla, yadi 5, sai ya sassauta murya ya ce, "Allah ya jiƙan musulmi, Hajiya. Wa aka rasa?" Kafin in buɗe baki har yaronsa ya sauko da alawayyo. Sai da na fito da ƙyallayen da na zo da su a jaka na baje a kan tebur na yi masa bayani, sannan ya yi dariya ya nemi afuwa, ya ce a shekarun da ya yi a wurin, mace ba ta cika zuwa neman farar auduga zalla ba sai domin likkafani.

Abin da ya fara burge ni da shagon shi ne cewa Alhajin bai yi ƙoƙarin tura mini mai tsada ba. Ya sa aka sauko da iri biyar: alawayyon da aka fara kawowa, da akoko, da farar shadda, da wani yadi mai santsi da ake kira tetoron, da kuma foflin na auduga a bandir biyu, ɗaya fari fat, ɗaya mai ruwan madara. Shi da kansa ya ce kada in yanke hukunci a cikin shago, domin ƙwan lantarkin da ke ciki mai farin haske ne da ke sa kowane yadi ya yi kama da ɗan'uwansa, ya kuma sa yaron ya ɗauki bandiran ya bi ni bakin lungu inda rana ke sauka. A can ne na ga bambancin da ban gani a ciki ba. Tetoron da farin foflin sun yi wani haske mai ratsin shuɗi, kamar an jiƙa su a bula, saboda sinadarin ƙara haske da masaƙu ke sa wa farin yadi, wanda hasken rana ke tayar da shi. Akoko ya fito da launin ƙasa-ƙasa, mai ruwan madarar kuma ya tsaya a tsakani. Na sayi rabin yadi daga kowanne domin in gwada a gida, kuma bai nuna ɓacin rai da ƙanƙantar cinikin ba.

Gwajin farko shi ne na wuta, wanda duk telan da ya daɗe a sana'a ya sani. Na zare zare daga bakin kowane yadi na kusantar da shi ga ashana. Na auduga yana ci da sauri, yana warin takarda mai ƙonewa, ya bar toka mai laushi da ke murmushewa a tsakanin yatsu. Alawayyo da akoko da foflin da shadda duk haka suka yi. Na tetoron kuwa narkewa ya yi, ya dunƙule ya zama ɗan baƙin ƙwallo mai tauri, wanda ke nuna akwai zaren roba a cikinsa, kamar yadda Alhajin ya faɗa mini tun a shago. Wannan kaɗai ya fitar da shi daga lissafi, domin atamfofin da ke buhuna na auduga ne, kuma idan aka haɗa yadin da ke tsukewa a wanki da wanda ba ya tsukewa, ɗinkin zai tattare bayan wankin farko. Ga shi kuma ba ya jure zafin dutsen gugar da atamfa ke bukata kafin ɗinkinta ya kwanta.

Daga nan na auna kowanne da tef, na wanke da ruwan ɗumi da sabulu, na shanya, na goge, na sake aunawa. Akoko ne ya fi tsukewa, domin rabin yadin da ya shiga ruwa da inci 18 ya fito da 17. Foflin ya rasa kusan rabin inci. Alawayyo kuwa wanki ne ya tona masa asiri: ƙarfin da na ji a jikinsa a kasuwa ashe sitaci ne, da ruwa ya ɗauke shi sai ya koma sakayau, saƙarsa a buɗe, har ina hango yatsuna ta bayansa.

Wannan shara-sharan shi ne babban abin da mai irin wannan aiki ya kamata ya ji tsoro, kuma a kansa na fi ɓata lokaci. Duk inda aka haɗa farin ƙyalle da na atamfa, akwai rarar ɗinki ta kimanin kwatan inci da ke kwanciya a baya. Ƙa'idar ita ce a goge wannan rarar ta kwanta ta ɓangaren mai duhu, amma a wurin da kusurwa huɗu suka haɗu ba kullum hakan ke yiwuwa ba, dole wata rarar ta faɗa ƙarƙashin farin. Na ɗinka ƙyallen jar atamfa guda a jikin kowane yadi, na goge rarar da gangan ta ɓangaren farin, na shimfiɗa su a kan farin zanen gado na koma bakin ƙofa ina kallo. A jikin alawayyo jan ya fito kamar an ja layi da jambaki. A jikin farin foflin ya ɗan bayyana kamar inuwa. A jikin mai ruwan madara sai na matso kusa sosai kafin in gane wurin, duk da cewa kaurinsa ɗaya ne da farin a hannu, domin launin nasa yana shanye inuwar. Shadda da akoko kuwa ba su nuna komai ba.

Da a ce ɓoye inuwa kaɗai ake nema, da shadda ta yi nasara, kuma ba zan ɓoye ba, zuciyata ta so ta. Mu da muka tashi muna ganin farar shadda a jikin iyayenmu maza ranar Juma'a, da wuya mu gan ta mu kawar da kai. Wadda ke shagon ba ta kai darajar Getzner ta ƙasar Ostiriya ba, amma duk da haka kuɗinta ya ninka na foflin fiye da sau biyu. Matsalarta uku ce. Ƙyallin da ke jan hankali yana raguwa da wanki, bargo kuwa abin wanki ne. Saƙarta ta matse ƙwarai, har allura mai lamba 14 ta riƙa ƙara tana barin huda a inda na warware ɗinki. Sannan zanen furannin da aka saƙa a jikinta yana gasa da zanen atamfar, alhali aikin farin fili shi ne ya ja da baya ya bar ƙyallayen su yi magana. Akoko kuma yana da ƙananan baƙaƙen ɗigo na ɓawon irin auduga da ba a wanke ba, kuma kusa da atamfa mai haske sai ya yi kamar ya yi datti. Na ajiye shi a raina domin bayan bargon, inda ƙarfinsa zai yi amfani kuma launinsa ba zai dami kowa ba.

Ya rage saura foflin biyu, kuma a nan ne ra'ayina na farko ya juye. Na fita daga gida da niyyar sayen fari fat, irin wanda ke kashe ido, domin kayan ɗakin amarya ne. Amma da na jera ƙyallaye ashirin a kan kowanne, sai na ga farin fat ɗin yana tsufar da atamfofin. Farin da ke cikin zanen atamfa ba kasafai yake zama tas ba, yawanci yana da ɗan ruwan madara, balle ƙyallen da ya shekara uku a buhu. Kusa da fari mai ratsin bula sai suka yi kamar tsummokara, kusa da mai ruwan madara kuwa suka zauna kamar tare aka saƙa su. Akwai kuma batun ruwanmu da iskarmu. Ruwan burtsatse a unguwarmu yana barin ja-ja a jikin fararen kaya, kuma da damina shanya kan kwana biyu ba ta bushe ba, wani lokaci har ta yi fumfuna. Farin fat ba ya yafe ko ɗigo ɗaya, maganin da aka saba yi masa kuma bilic ne, wanda ba zai yiwu a zuba wa bargon da rabinsa atamfa ce ba.

Bayan mako biyu na koma domin sayen yadi 5 na mai ruwan madarar, kuma a nan shagon ya ba ni kunya. Alhajin ya tafi masallaci, yaron ne kaɗai a ciki. Bandir ɗin da aka yanka mini a farko ya ƙare, sai ya sauko da wani ya rantse mini cewa kamfani ɗaya ne, lamba ɗaya ce. Ni kuma na yi sakacin barin ƙyallen gwajin a gida, ga hadari ya haɗo, don haka ban fita da shi rana ba. Da na isa gida na ajiye shi kusa da na farkon, sai na ga sabon ya fi karkata zuwa rawaya. Bambancin kaɗan ne, amma na riga na ɗinka murabba'i shida na fuskar bargon daga rabin yadin farko, kuma a kan gado irin wannan bambancin ba ya ɓoyuwa. Da na auna kuma sai na tarar ya gaza da inci 4, domin yaron yana jan yadin da ƙarfi a kan sandar awo.

Washegari na koma da yadin da ƙyallen gwajin. Al'adar kasuwa ita ce yadin da aka yanka ba ya komawa, kuma na shirya jin hakan. Alhajin ya fita da su biyun bakin lungu, ya daɗe yana kallo, ya ce, "Gaskiyarki ne, Hajiya, rinin ba ɗaya ba ne." Ya yi wa yaron faɗa a gabana a kan awon, ya aike shi wurin wani maƙwabcinsa da suka saro kaya tare, aka samo ragowar bandir mai rinin farko, ya auna mini da hannunsa a kwance a kan tebur ba tare da ja ba, ya ƙara kwatan yadi a kai, ya karɓi wancan bai cire ko kwabo ba. Kuɗin mota da yinin da na rasa dai ba su dawo ba, kuma da a ce shagon yana rubuta lambar bandir a rasit, da duk wannan bai faru ba. Na faɗa masa haka, ya ce zai duba, ko da yake ban ga alamar al'adar za ta canja ba.

Zan sake sayen yadi a wurinsa, amma sai yana nan da kansa, kuma da ƙyallen gwaji a jakata. Ga wadda za ta yi irin wannan aikin, foflin na auduga mai matsakaicin kauri shi ne abin da zan nuna mata, a sayi duk abin da ake bukata a rana ɗaya daga bandir ɗaya, da ƙarin rabin yadi saboda tsukewa da kuskuren almakashi. Na wanke nawa kafin in yanka, na kuma jiƙa jajaye da shuɗɗan ƙyallayen daban a baho, inda guda bakwai suka zuba har ruwan ya koma kamar zoɓo, na fitar da su daga aikin gaba ɗaya. Yanzu murabba'i 52 sun haɗu daga cikin 81 da nake bukata, kuma akokon da zan sa a baya yana jiƙe a baho karo na biyu, domin ina so ya gama tsukewarsa kafin ya haɗu da sauran.