Gidan tarihin 'yan sandan Paris, wallahi ya cancanci a leƙa

Jama'a duk wanda Allah ya kai shi Paris, in ya gama ɗaukar hoto a gindin Eiffel don Allah ya ware lokaci ya leƙa gidan tarihin 'yan sanda da ke gunduma ta 5. Shiga kyauta ne, kuma a cikin ofishin 'yan sanda na gaske yake, a sama. Louis Lépine shugaban 'yan sandan birnin ne ya kafa shi a 1909. Bayanan da Faransanci suke, ka je da wanda ya iya ko wayarka ta fassara maka.

Ni dai ɓangaren Alphonse Bertillon, ma'aikacin 'yan sandan da ya ƙirƙiro hanyar gane mai laifi ta awon jiki, shi ne ya riƙe ni. Ga kujerar katako da ake zaunar da wanda ake zargi, kyamara na kallonta, a ɗauke shi ta gaba a ɗauke shi ta gefe, ga kuma ƙarafan awo, a auna tsawon kai da faɗinsa da kunne da yatsan tsakiya da ƙafar hagu duk a rubuta a kati, saboda ɓarawo zai iya canza suna ya tara gemu amma ƙashinsa na nan yadda yake. A 1883 ya fara gano tsohon mai laifi ta wannan hanyar. A 1902 kuma shatin yatsu a jikin gilashi ya tona asirin wani mai suna Scheffer da ya yi kisa.

Abin da ya fi sosa min rai shi ne yadda 'yan sandan wancan zamanin ke aiki ba wata kariya. A Nuwamban 1892 an ajiye bam cikin tukunya a ofishin kamfanin ma'adinai na Carmaux, irin wanda in an kifar da shi yake tashi, 'yan sanda suka ɗauko shi da hannu suka kai ofishinsu na titin Bons-Enfants, can ya tarwatse ya kashe mutum 5. Da hannu fa! Ba rigar sulke ba na'urar kwance bam, abin tausayi wallahi. Haka Louis Jouin, mataimakin shugaban masu bincike, ya je binciken wani gida a Ivry a Afrilun 1912 bai san Jules Bonnot na ɓoye a ɗakin sama ba, yana shiga ɗan fashin ya bindige shi.

Wajen ba shi da girma kuma ba cunkoso, za ka tsaya ka duba komai a natse. Akwai wuƙar na'urar fille kai da hotunan wuraren kisa, in da ƙananan yara za ka je sai ka yi tunani tukuna.