Hoto mai faɗi: manhajar ɗinki da abin da za a buga shi a kai

Kafin ka sa kuɗinka a kowace manhajar ɗinki, wato mai haɗa hotuna da yawa su zama hoto ɗaya mai faɗi, auna bangon da hoton zai hau, domin girman bugun ne zai faɗa maka abin da kake buƙata. A ce faɗin santimita 150 kake so, kusan inci 59 ke nan. Hoton da za a ɗan ja baya a kalla, fiksel (ƙananan ɗigogin da ke haɗa hoto) 200 a kowane inci sun ishe shi, wato kusan 11,800 a faɗi. Kyamara mai megafiksel 24 tana ba da 6,000 ne kawai, amma in ka miƙe ta tsaye ka ɗauki hotuna biyar, kowanne ya hau kashi ɗaya cikin uku na maƙwabcinsa, ka zarce adadin nan.

Wanda ya riga yana biyan kuɗin manhajar Lightroom, ya fara gwada abin da ke hannunsa. Tana haɗa layi ɗaya na hotuna ba wahala, ta fitar da fayil ɗin DNG da za ka ci gaba da gyara haskensa. Matsalarta, in ta kuskure wurin haɗi ba ta barinka ka sa hannu, kuma iyakarta fiksel 65,000 a gefe ɗaya.

Hugin kyauta ce, an gina ta a kan Panorama Tools na Helmut Dersch. Za ka iya nuna mata da kanka cewa ɗigon nan na hoto na biyu shi ne wancan na hoto na uku, ka rufe mutumin da ya fito sau biyu, ka miƙar da layin da sama ta haɗu da ƙasa. Sai dai tana son haƙuri, fuskarta ba ta maraba da baƙo. PTGui ta kuɗi ce, kuma da ita da Hugin asalinsu ɗaya, amma ta fi sauri sosai, musamman in hotunan sun yi layi-layi har sun kai gommai. A ganina, mai sayar da bugu ne ya kamata ya saye ta. Mai yin ɗaya ko biyu a shekara, Hugin ta ishe shi.

Akwai abin da babu wadda za ta gyara maka shi sarai. In akwai reshe ko shinge kusa da kyamara, kai kuma ka juya jikinka gaba ɗaya, na kusa zai gusa daga na nesa, ɗinkin ya karye. Maganinsa wani kai na musamman mai juya kyamara, da ake ɗorawa a kan sandar kyamara mai ƙafa uku. Mai ɗaukar duwatsu daga nesa ba ya buƙatarsa.

Wajen bugu, manyan firintoci suna aiki da takardar naɗi, galibi mai faɗin inci 24 ko 44, saboda haka tsayin hotonka daga sama zuwa ƙasa ne ke da iyaka, ba faɗinsa ba. Nemi tawadar figiment, ta fi jure haske. Takarda mai sheƙi tana fito da ƙananan abubuwa tsaf, amma tana buƙatar firam da gilashi, gilashin mita ɗaya da rabi kuwa nauyi ne da tsada. Kanbas ba ya son gilashi, kuma saƙarsa na ɓoye ƙarancin fiksel, sai dai yana cinye kaifin hoton. Ko wanne ka zaɓa, sa a fara buga maka ɗan yanki a ainihin girmansa, daga wurin da ɗinki ya ratsa sararin sama, domin a nan ne bambancin haske ke fara tona asiri.