Synology DS923+ a ƙaramin ofis: aiki uku a akwati ɗaya

Duk mai neman akwatin ajiya na ofis, tambayarsa ta farko ita ce terabayit nawa yake ɗauka. Ni dai tunda na yi aiki da DS923+, akwatin kamfanin Synology da ke ajiye fayiloli, ya riƙe kwafinsu, ya kuma kula da shiga kwamfutocin ofis, abin da nake fara tambaya shi ne: in fayil ya ɓace, wa zai dawo da shi, kuma cikin minti nawa?

Akwatin na da ramukan faifai huɗu. Mun zuba masu terabayit 4 guda huɗu a tsarin SHR, wato hanyar Synology ta haɗa faifai su zama ma'aji ɗaya, muka samu kusan terabayit 12, sauran ya tafi wajen kariya, ta yadda ko faifai ɗaya ya mutu aiki ba ya tsayawa. CMR da SMR hanyoyi biyu ne na rubuta bayanai a kan faifai. A tabbata faifan na CMR ne, domin na SMR kan ja ƙafa sosai lokacin da akwatin ke sake gina bayanai.

Inda ya fi burge ni shi ne hoton folda, wato kwafin yadda take a wani lokaci, da tsarin jera fayiloli na Btrfs ke ba da damar ɗauka. Na saita shi duk awa. Wata abokiyar aiki ta rubuta sabon lissafi a kan tsohon jadawalin albashi, ta danna ajiye, ta zo hankali a tashe. Muka danna dama a kan foldar daga Windows ɗinta, muka buɗe tsoffin kwafi, ga na ƙarfe goma yana zaune lafiya lau. Yanzu ma ba ta nemana, da kanta take yi. Manhajar Active Backup for Business kuma tana kwashe kwafin abin da ke cikin kwamfutocin ma'aikata gaba ɗaya ba tare da kuɗin lasisi ba.

Batun shiga kwamfuta fa, a yi tunani tukuna. Synology Directory Server, wanda ke aiki a cikin akwatin, yana ba kowa suna ɗaya da kalmar sirri ɗaya a duk kwamfutocin ofis, kuma in ma'aikaci ya bar aiki, wuri ɗaya za ka rufe masa ƙofa. Daɗi kam akwai. Sai dai duk ranar da akwatin ke kashe, wanda ya taɓa shiga wata kwamfuta ne kawai zai iya sake shigarta, saboda Windows na riƙe bayanansa. Sabon zuwa sai ya jira. Ofishin mutum huɗu ko biyar, a ganina, asusun shiga foldojin akwatin kawai ya ishe su.

Ƙofofin sadarwar akwatin biyu na gigabit ɗaya ne, wato wajen megabayit 110 a daƙiƙa. Ga takardu ya wadatar. Masu tace bidiyo sai su ƙara katin gigabit 10.

Kada kowa ya ɗauka SHR ya raba shi da ajiyar kwafi a waje. Gobara ko ɓarawo akwatin za su ɗauke dungurungum, da fayiloli da hotunansu da sunayen shiga. Mu manhajar Hyper Backup ke tura kwafi mai makulli zuwa ma'ajiyar intanet kowane dare, wani kuma zuwa faifan USB da ba ya kwana a ofis. Lokaci-lokaci nakan zaɓi folda ɗaya in dawo da ita daga can don in ga da idona tana buɗewa. Makullin kwafin kuma a takarda yake, nesa da akwatin. Batirin UPS mai igiyar USB, wanda ke riƙe akwatin in an ɗauke wuta, shi ma dole ne, don akwatin ya tsayar da rubutu da kansa kafin cajin ya ƙare.