Ƙarfen sitenles 304 ko 316: wanne ke jure ruwan teku?

Masu walda da ke karɓar aiki a bakin teku, irin su Legas da Fatakwal, sun sha tambaya ta wanne za su saya tsakanin 304 da 316, wato nau'o'i biyu na sitenles, ƙarfen da ba ya saurin tsatsa.

A ido iri ɗaya ne, maganaɗisu ma ba ya raba su. Bambancin yana cikin haɗin sinadaran da aka yi su da su. 304 na da kuromiyom kusan kashi 18 cikin 100 da nikel kashi 8. Shi kuwa 316 an ƙara masa molibdenom kashi 2 zuwa 3, kuma wannan ƙarin ne ke tare gishiri. Ruwan teku na ɗauke da gishiri kusan kashi 3.5, sinadarin kulorayid da ke cikinsa yana huda siririyar fatar da ke kare ƙarfen, ya bar ƙananan ramuka masu ci ta ciki. A gwajin feshin ruwan gishiri mai suna ASTM B117, 304 ne ke riga nuna jan tabon tsatsa.

Wajen kuɗi, 304 ya fi araha da sauƙin samu.

Sai dai kada a ruɗe da kirarin "ƙarfen teku" da ake yi wa 316. Idan ya daɗe nutse a ruwan teku mai ɗumi da ba ya gudu, shi ma yana ciwuwa, musamman ƙarƙashin noti da wajen haɗi.

Mai tankin ruwan sha ko kayan kicin a Kano, 304 ya ishe shi. Mai ƙofa ko ƙarfen bene da iskar teku ke bugawa, ya daure ya sayi 316. Abin da zai zauna cikin ruwan kuwa, sai a nemi super duplex 2507, wani nau'in sitenles da ya fi su jure gishiri.