Karatun Nesa na ABU Ga Ma'aikacin da Ke Son Sauya Sana'a

Ga magidancin da ba zai iya barin aiki ya koma aji a harabar jami'a da ke Samaru, Zariya ba, Cibiyar Karatu daga Nesa ta Jami'ar Ahmadu Bello ta yi. Darasi ta intanet ne, jarrabawa kuwa sai ka je da kanka.

Tanadi kiredit 5 a jarrabawar kammala sakandare, har da Turanci da Lissafi, a zaman jarrabawa da bai wuce biyu ba. Mai NCE ko difloma yakan fara daga aji biyu, in fannin ya dace.

Inda manya ke tuntuɓe: sunanka da ke takardar sakamakon WAEC ya saɓa da wanda ke NIN, lambar shaidar ɗan ƙasa. Gyara wannan kafin ka biya ko sisi. Karatu a waya kaɗai wahala ce, nemi kwamfuta, ka riƙa sauke darussa tun da wuta.