Tambayar da Mai Ƙera Jita Ya Yi Mini a Garanada

Shekara 6 ke nan ina aikin tumatir a gonakin rumfar leda na yankin Almeriya, a kudancin Sifaniya, kuma cikin 'yan kayan da na taho da su daga ƙauyenmu na ƙasar Ringim babu wanda nake ji da shi kamar garayar kakana, wanda maharbi ne a zamaninsa. Ban ƙware a kiɗinta ba, amma idan dare ya yi, kewar gida ta taso, nakan sauko da ita in taɓa tsirkiyoyinta biyu. Da azumin bara ta suɓuto daga ƙusar da nake rataye ta, ƙoƙonta ya tsage ta baya kamar tsawon ɗan yatsa. Sai na yi abin da kowannenmu zai yi a gida: na sayo sufa gulu na ɗura a tsagar, na ɗaure da roba. Mako biyu bai cika ba tsagar ta ƙara tsawo, muryar garayar kuma ta dushe.

Wani abokin aikina ne ya ba ni shawarar in je Garanada, inda masu ƙera jita da hannu suke da shaguna a kan titin da ke hawa zuwa fadar Alhambra. Na isa da azahar na tarar da shagon a rufe, sai ƙarfe 5 za a buɗe, domin a nan ko ciniki na jira ba a taɓa lokacin abincin rana. Na zauna a bakin titi awa 3 ina tunanin masassaƙan kasuwar Gujungu, waɗanda ko fura suke sha za su ajiye ludayi su saurare ka.

Mai shagon dattijo ne. Da na kwance garayar daga cikin zane na ɗauka zai ce ba irin aikinsa ba ne, amma sai ya share tebur, ya shimfiɗa ƙyalle mai taushi, ya karɓe ta da hannu biyu kamar an miƙa masa jariri. Ya ƙwanƙwasa ƙoƙon da bayan yatsa yana saurare, ya sunsuni itacen, ya haska fitila ta ramin fatar. Da idonsa ya kai kan sufa gulun sai fuskarsa ta sauya. Ya ce wannan gam idan ya bushe ya shige cikin itace ke nan, ba ya sakin abin da ya kama, kuma na ninka masa aiki. Nasu gam ɗin daga fatar dabba ake dafa shi, a shafa da ɗuminsa, kuma ko bayan shekara 50 idan wani ya zo gyara, ɗan zafi da danshi sun isa su buɗe shi ba tare da an ɓata itacen ba. Wato tun ranar ƙira ana tunanin mai gyaran da ba a haifa ba tukuna. Ni da na fito daga ƙasar da ta yi suna a jima da dukanci tun kaka da kakanni, ban taɓa jin wannan ba sai a bakin Bature.

Daga nan ya sauko da wata jita, ya karkata ta ga haske, ya nuna mini wata takarda da aka manna a cikinta, wadda ake hangowa ta zagayayyen ramin nan na fuskarta. An rubuta sunan wanda ya ƙera ta, da garinsa, da shekara, ya kuma sa hannu. Sai ya ɗauki alƙalami ya tambaye ni: wa ya sassaƙa taka, a wace shekara, kuma da wane itace? Na buɗe baki na rasa abin cewa. Na san sunan kakana da kirarinsa, na san dazuzzukan da ya yi farauta, amma mutumin da ya zauna da gizago ya fafe wannan ƙoƙo har ya yi shekaru fiye da nawa bai tsage ba, ban taɓa ko tambayar sunansa ba. Dattijon bai ce komai ba, ya ajiye alƙalamin kawai, kuma da ma faɗa ya yi mini da ya fi sauƙi.

Ganin na yi shiru, sai ya shiga ba ni labarin nasu. Ashe a bakin garin Almeriya da nake zaune aka haifi Antonio de Torres a 1817, kafinta ne kafin ya koma ƙira, kuma shi ya daidaita siffar jitar da ake bi har yau. Ya rasu a 1892, ga gidan tarihi da sunansa a tsakiyar gari wanda na sha wucewa ban leƙa ba. A 1862 ya ƙera wata jita da baya da gefunan kwali, domin ya nuna cewa muryar daga allon fuska take fitowa. Wannan allo kaurinsa bai fi milimita 2 da wani abu ba, a ƙarƙashinsa kuma ana jera 'yan siraran haƙarƙari 7 kamar buɗaɗɗen mafici, a yi ta ragewa da wuƙa ana ƙwanƙwasawa har kunne ya gamsu. Tsawon tsirkiya daga ƙarshen wuya zuwa jaki, wato ɗan katakon da tsirkiyoyi ke hawa a kan allon fuska, milimita 650 ne. A bayan shagon na ga katakai a jere, kowanne da shekarar da aka saye shi an rubuta da fensir, wasu ma na mahaifinsa ne, suna ta shan iska.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne itatuwan. Baƙin katakon da yatsu ke dannawa a wuyan jita ɗan uwan kanyarmu ne, kuma daga Afirka ake kawo shi. Wani jan katako da ya nuna mini dangin maɗaci ne. Mu kuwa muna sare maɗaci da kanya mu yi gawayi, madobiya kuma an yi ta lodin ta a jirgin ruwa zuwa Sin har sai da aka sa ta cikin itatuwan da ake taƙaita cinikinsu a duniya a 2017. Abin da ake lallaɓawa a nan kamar zinariya, a wajenmu buhunsa ake sayarwa a bakin titi.

Ba zan ɓoye abin da ya ɓata mini rai ba. Ya ce in dawo bayan mako 6, ya rubuta kuɗin a takarda, kuɗin da ya kusa kai ladan aikina na kwana 3, da na nemi ragi kuma ya dube ni kamar na zage shi. Babu tayi, babu albarka, babu a rage maka don ka zo daga nesa. Sabuwar jitarsa kuwa dubban Yuro ce, kuma sai ka shiga layi fiye da shekara. A gida da yini ɗaya an gama, ana hira ana aiki, ka biya abin da ya sawwaƙa. Amma mu faɗa wa kanmu gaskiya: sau nawa mai gyara ya ce maka gobe, goben ta zama wata uku? Sau nawa aka buga ƙusa inda ya kamata a yi haƙuri? Wannan dattijo ya ce mini kai tsaye ba zai taɓa fatar ba, domin bai san aikinta ba, kalmar da da wuya ka ji ta a bakin mai sana'a a wajenmu, saboda mu masu kawo aikin ba mu yarda mutum ya ce bai sani ba.

Kuma kada a ɗauka namu ba su da ilimi. Shi da kansa ya ce jitarsa, da ake haɗawa a ɗaki mai danshi kashi 45 zuwa 50 cikin ɗari, idan ta shiga hunturun da na kwatanta masa za ta iya tsagewa. Garayar kakana ta ga hunturu fiye da 60 lafiya lau. Wanda ya zaɓi itacenta ya san abin da yake yi, mu ne muka ɗauki kiɗa aikin maroƙa, muka raina mai kaɗawa, balle mai sassaƙawa.

A daren na kira ƙanin mahaifina. Bayan gaisuwa na ce, Baffa, don Allah wa ya sassaƙa wa Kaka garayarsa? Ya yi jim, ya ce, ɗana, wani masassaƙi ne da yake kawo turame da akusa Gujungu, Allah ya jiƙansa, amma sunan ya shige mini.

Ranar da aka yanka na koma na tarar an gama. Ya kankare gam ɗina, ya cusa siririn itace mai launin ƙoƙon a tsagar, sai ka shafa da yatsa kafin ka gane wurin, muryar kuma ta dawo. Ya haɗo ni da 'yar takarda mai ɗauke da sunansa da ranar gyara, a samanta ya ja layi ya bar shi fili domin sunan mai ƙira. Baffa ya yi mini alkawarin ranar Lahadi zai shiga layin masassaƙa a Gujungu ya tambayi tsofaffin cikinsu, ko akwai jikan mutumin da har yanzu yake riƙe da gizago.